Gasar ƙera dodannin fim a talabijin: abin da alƙalai ke dubawa, da inda masu sana'ar Katsina da Daura za su shiga

A ranar 25 ga Maris, 2014, tashar Syfy ta Amurka ta fara nuna wani shiri mai suna Jim Henson's Creature Shop Challenge. Mutum goma aka tara a ɗakin aiki guda a Los Anjelas. Kowane mako sai a ba su aikin ƙera wani dodo ko wata dabba da babu irinta a doron ƙasa, a sa musu wa'adi na kwana biyu ko uku, in lokaci ya cika a kai abin da suka ƙera gaban kyamara, wanda aikinsa ya fi rauni a sallame shi. Kashi takwas aka yi, wani mai suna Robert Bennett ya zo na ɗaya. Kyautar da aka sa ta kai darajar dala 100,000, amma gundarinta kwantiragin aiki ne a masana'antar da ta shirya gasar. Zango ɗaya shirin ya yi, bai sake dawowa ba.

Guntayen irin waɗannan shirye-shirye suna yawo a wayoyin matasanmu. Ka nuna wa wani a majalisa a Ƙofar Ƙaura a Katsina wani kan dodo yana lumshe ido yana yamutsa hanci, kafin ka rufe baki zai ce maka, "Ai haɗin kwamfuta ne." Alhali soso ne da roba da ƙarfe da gashi, ga mutum uku ko huɗu a bayan kyamara suna zufa. Wannan kuskuren fahimta shi ya sa nake ganin batun ya cancanci a zauna a warware shi, domin muddin muna ɗauka kwamfuta ce, ba za mu taɓa tunanin cewa telanmu da mai gyaran wayarmu suna da hannu a ciki ba.

Sai an san masana'antar kafin a gane gasar. Jim Henson, wanda ya rasu a 1990, shi ne ya ƙirƙiro kwaɗon nan Kermit a 1955, daga tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsa, idanun kuma ƙwallon tebur ce ya raba gida biyu. Daga nan 'yan tsanarsa suka shiga shirin yara na Sesame Street a 1969, wanda 'yan Najeriya suka samu nasu samfurin, Sesame Square, a NTA a 2011, mai ɗauke da 'yan tsanan nan Kami da Zobi. Amma Henson bai tsaya ga 'yan tsana masu ban dariya ba. A 1979 ya buɗe wani ɗakin ƙira a Landan domin yin dodannin da za su fito a fim kamar masu rai da gaske, su tsorata mutum ko su ba shi tausayi. A nan aka yi dodannin The Dark Crystal na 1982, fim ɗin da babu fuskar ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, da na Labyrinth na 1986. Wannan ɗakin ƙira, wanda yanzu yake aiki a Amurka, shi ne ya ɗauki nauyin gasar, kuma ɗan marigayin, Brian Henson, shi ne shugaban alƙalai. Tare da shi akwai Kirk Thatcher da Beth Hathaway, dukansu tsofaffin hannu a sana'ar. Gigi Edgley, 'yar Ostareliya da ta yi fice a shirin Farscape, ita ce mai gabatarwa. Sannan ma'aikatan masana'antar su uku suna zagayawa suna ba 'yan takara shawara: Peter Brooke a fannin zane da sassaƙa, John Criswell a fannin inji, Julie Zobel a fannin ɗinki da haɗa jiki.

Waɗannan mashawarta uku sun isa su nuna maka girman matsalar. A masana'antar, kowane ɗayansu sashe guda ne mai ma'aikatansa. A gasar kuwa, ko da a makonnin da aka haɗa su ƙungiya-ƙungiya, kowane ɗan takara ana so ya iya aikin su ukun.

Ga yadda kan dodo ɗaya yake samuwa in an bi hanyar da aka saba. Za a fara zana shi a takarda. Sai a gina shi da yumɓu, da kowane tamoji da kowane ƙurji. Sai a lulluɓe yumɓun da filasta ko faiba a yi mazubi, a buɗe, a kwashe yumɓun a zubar, domin aikinsa ya ƙare. Cikin mazubin ake zuba abin da zai zama fata, ko dai silikon, ko ruwan roba da aka kaɗa ya yi kumfa, wanda sai an gasa shi na sa'o'i a tanda kafin ya nuna. Wannan robar mai kumfa tana da tsirfa. Zafin ɗaki da laimar iska suna canza yadda take kamawa, in ta ƙi, sai a sake daga farko, sa'o'in nan sun tafi. Ƙarƙashin fatar akwai ƙoƙon kai na faiba, an yanka shi gunduwa-gunduwa a wuraren da ake so su motsa: muƙamuƙi, gira, leɓe, fatar ido. A nan kaurin fata yake zama magana babba. In ta yi kauri, inji zai ja ta ƙi tafiya. In ta yi siriri, ta yage a gaban alƙalai. Bayan an manna, sai fenti, sai haƙora, sai gashi, wanda a wuraren da kyamara za ta matso ake dasa shi da allura sili-sili.

Duk wannan ba a zo ga motsi ba tukuna, kuma motsin shi ne gasar.

Hanya mafi tsufa ita ce hannu. Mai wasa ya zura hannunsa cikin kai, yatsu huɗu a sama, babban yatsa a muƙamuƙi. Ƙa'idar da ake fara koya wa ɗalibi ita ce ya riƙa sauke babban yatsa, kada ya ɗaga yatsun sama, domin mai magana muƙamuƙinsa ne ke sauka. In saman kai ne ke ɗagawa, idanun za su riƙa kallon rufi da kowace kalma. Babban tsuntsun nan na Sesame Street, mai tsawon ƙafa takwas da inci biyu, wanda Caroll Spinney ya yi wasa da shi daga 1969 zuwa 2018, da hannu yake aiki. Mutumin yana ciki, hannunsa na dama a miƙe sama da kansa yana riƙe da kan tsuntsun, ƙaramin yatsa yana sarrafa fatar ido, ga ɗan ƙaramin allon talabijin ɗaure a ƙirjinsa, ta nan kaɗai yake ganin abin da kyamara ke gani. Ka ɗaga hannunka sama na minti biyar ka ji, sannan ka ƙiyasta abin da ƙarin kilo ɗaya a kan tsuntsun zai yi wa kafaɗarsa. Saboda haka nauyi yana cikin abubuwan da ake kayar da ɗan takara a kansu, ko da kuwa abin da ya ƙera ya fi na kowa kyau.

Hanya ta biyu ita ce waya mai zarya cikin bututu, irin wayar birkin keke sak. Ƙarshenta ɗaya a maƙale da gira ko kunne, ɗaya ƙarshen a hannun wani da ke tsugune nesa da kyamara, ya matsa, gira ta ɗaga. Ta uku kuma ƙananan injuna ne da ake kira sarbo, irin waɗanda ake sa wa jiragen wasa masu rimot, kowanne yana juyawa daidai gwargwadon yadda aka taɓa sandar rimot ɗin. Fuskar Hoggle na fim ɗin Labyrinth injuna 18 ne a cikinta, mutum huɗu suna sarrafa su daga nesa, ga 'yar wasa a cikin rigar tana tafiyar da jiki. Ɗaya daga cikin mutum huɗun nan, wanda kuma ya yi muryar, shi ne Brian Henson. Ke nan mutumin da ke zaune a kujerar alƙali ya san da hannunsa wahalar a ce mutum biyar su haɗu su yi murmushi ɗaya. Wannan wahala ce ta sa masana'antar ta ƙirƙiro wata na'ura da mai wasa ɗaya zai sa hannuwansa ciki ya tuƙa injuna da yawa lokaci guda, har hukumar da ke ba da kyautar Oska ta fina-finai ta karrama su a kanta a 1992.

Abin da ya bambanta wannan gasa da sauran gasannin fasaha shi ne ranar hukunci. Ba a ajiye dodo a kan tebur alƙalai su zagaya shi. Ana gina masa wuri, a kunna fitilu, a ba shi ƙwararren ɗan wasan 'yar tsana, a ɗauki ɗan gajeren fim. A makon farko dabbar ƙarƙashin teku aka ce su yi. Wani mako aka ce su sake fasalin Skeksis, mugayen dodannin The Dark Crystal masu kama da ungulu. Wani mako kayan bola aka ba su. Akwai makon da aka ce su yi kan dabba irin wanda mafarauta ke kafewa a bango, amma ya farfaɗo ya yi magana, wanda kusan gaba ɗayansa jarrabawar inji ce. A kowane ɗaya, abin da kyamara ta gani shi ne shaida.

Kuma kyamara ba ta da kara. Ido shi ne farkon abin da take tonawa. In ƙwayoyin idon biyu suna kallon gaba sambal, dodon zai fito kamar ba ya ganin komai. Sai an ɗan karkato su ciki kaɗan kafin ya zama yana kallon wani abu. Bayan ido sai numfashi, domin abin da ƙirjinsa ba ya ɗagawa, ko yana magana, mai kallo ba zai yarda da shi ba. Sai yadda ƙafa ke taka ƙasa: dodon da aka ce ya kai nauyin raƙumi amma yana shawagi kamar leda, ya faɗi. Sai kuma abin da ɗan wasan da ke ciki zai faɗa, ko yana gani, ko yana samun iska, ko wani ƙarfe yana sukarsa a haƙarƙari. Ni a ganina wannan shi ne mafi adalcin ma'aunin da aka taɓa sa wa gasar fasaha a talabijin, domin ba ya barin ɗan takara ya ɓuya a bayan iya fenti ko iya baki.

Amma tsarin yana da aibinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Sana'ar nan ta taron dangi ce. Dubi dokin da Sarkin Katsina ke hawa ranar Sallah: baduku ya yi nasa, maƙeri ya yi linzami da likkafa, masassaƙi ya fitar da ƙwarangwal ɗin sirdi, mai ɗinki ya yi jalala, kuma ba wanda zai ce wa baduku ya koma maƙera don a gane ko gwani ne. Gasar kuwa haka take yi. Gwanin sassaƙa zai iya fita a mako na huɗu don sarbo ya ƙone masa, alhali da a masana'antar yake, ba shi zai taɓa sarbo ba. Ga kuma wa'adin. Abin da ake yi a makonni ko watanni an matse shi cikin kwana uku, don haka wanda ya fi iya yanke hanya yakan sha gaban wanda ya fi iya aiki. Ko manyan gwanaye da ke da watanni a hannu ba su tsira daga sharrin kayan aiki ba. Ƙaton dodon fim ɗin Jurassic Park na 1993, wanda Stan Winston da mutanensa suka ƙera, da aka kai shi wurin ɗaukar fim cikin ruwan sama sai fatarsa ta tsotse ruwa, nauyinsa ya ƙaru, ya kama karkarwa, ma'aikata suka riƙa bin sa da tawul suna tsanewa. In haka ta faru da su, ina ga yaron da aka ba kwana biyu?

Akwai ɗan'uwan wannan shiri a tashar guda, Face Off, wanda gasar kwalliyar fim ce, inda ake manna wa mutum fatar roba a mai da shi wani abu daban. Shi ya fara a 2011, ya yi zango 13 kafin ya tsaya a 2018. McKenzie Westmore ce ta gabatar da shi, cikin alƙalansa har da Ve Neill mai kyautar Oska uku. Me ya sa wancan ya daɗe, wannan ya tsaya a zango ɗaya? Fahimtata ita ce, a Face Off motsi kyauta ne, domin akwai mutum a ƙarƙashin kwalliyar, shi zai ƙifta ido, shi zai yi fushi. A gasar Henson kuwa kowane ƙiftawar ido sai an ƙera ta. Kuɗi ya fi yawa, masu iyawa sun fi ƙaranci, kuma mai kallo ba ya jin daɗin zama yana kallon mutum yana ɗaure noti na sa'a shida. Sai masu tace shiri su cike gurbin da saɓanin 'yan takara da hawayensu, abin da ni ya fi ɓata mini rai, domin minti biyun da aka kashe kan wa ya harari wa sun isa a nuna yadda ake haɗa fatar ido.

To, ina mu a ciki?

Wasan 'yar tsana ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tibi na Binuwai suna da Kwagh-hir, wasan dodanni da 'yan tsana na itace masu motsi, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2019. A Borno akwai tsohon wasan dogo-dogo, inda mai wasa ke ɓuya cikin babbar riga da aka kafa kamar tanti yana fito da 'yan tsana ta wuyanta. Mu kuma muna da tashe. Yaron da ya manna auduga a haɓa, ya cusa tsumma a ciki, ya ɗauki sanda ya rangwaɗa yana tsoho da gemu a daren azumi, ya riga ya san darasin da alƙalan Los Anjelas ke nema, wato cewa shiga ba ta isa ba sai an haɗa da tafiya. Haka yaran da ke yin motar kara ko ta langa-langa mai sitiyari da ke juya tayoyi da gaske.

Sana'o'in ma duk muna da su, a warwatse ne kawai. Ka tsaya wurin mai yin kushin a Katsina ka ga yadda yake yi da soso. Zai wasa doguwar wuƙa a dutse, ya kwantar da ita, ya riƙa fere soson a hankali har kusurwa ta koma kumburi mai santsi. Ya shafa gam a fuska biyu, ya ƙi haɗawa nan take, ya jira ya sha iska, ya taɓa da bayan yatsa ya ji ya daina kamawa, sannan ya danne. Wannan shi ne ainihin yadda ake gina jikin mafi yawan 'yan tsanar talabijin, da irin wannan soson da irin wannan gam ɗin. Ragowar da ke zube a ƙasa, wadda yaro zai zo ya ce, "Maigida, a taimaka mini da guntayen nan," ta isa a fitar da kai guda. Mai gyaran waya da ke narka dalma a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba, haɗa sarbo da batir ba zai gagare shi ba. Mai gyaran keke yana da waya da bututunta. Dukawan Katsina da Daura sun san yadda fata ke lanƙwasa da inda take tsagewa. Ga ɗaliban injiniya a Kwalejin Hassan Usman Katsina da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, waɗanda a kowace shekara sai sun nemi aikin kammala karatu.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba a garuruwa irin namu, ita ce hukuncin sura. Hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin siffar abu mai rai sanannu ne, kuma ingantattu ne. Haka kuma ya inganta a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Abu Dawud ya ruwaito labarin dokinta mai fukafukai. Daga nan ne malamai da yawa suka yi rangwame ga kayan wasan yara da na koyarwa, wasu kuma suka taƙaita rangwamen ƙwarai. Duk wanda zai shirya irin wannan gasa a Katsina ko Daura, wajibinsa ne ya zauna da malamai tun kafin ya sayi soso, ya bayyana musu abin da za a ƙera da amfanin da za a yi da shi, ya ji iyakar da za su gindaya. Wanda ya yi gaban kansa ya ja wa sana'ar baƙin jini tun ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma yaran da suka shiga da zuciya ɗaya su za su kwana a ciki.

In an samu wannan fahimta, ba na goyon bayan a kwafo tsarin Amurka yadda yake. Ƙungiya-ƙungiya ya kamata a yi, kowace da tela, da mai soso, da mai haɗa waya, da ɗan wasa, a ba su mako biyu, kada a kori kowa sai a ƙarshe. Labaran da za a ba su kuwa ba sai an aro ba. Ga Gizo da Ƙoƙi, ga Botorami, ga macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya zo ya sare kansa. Macijin nan jarrabawa ce mai kyau ƙwarai, domin ba shi da hannu ba shi da gira, duk abin da zai faɗa da wuya da harshe da ido zai faɗe shi. Wuyan gaɓa-gaɓa za a yi, a zura wayoyin birki huɗu ta cikinsu, biyu na sama da ƙasa, biyu na hagu da dama, mutum ɗaya ya riƙe su. Wani ya riƙe baki da harshe. Sai a ga ƙungiyar da macijinta zai leƙo daga bakin rijiya, ya tsaya cak, ya juyo a hankali ya dubi mai guga, har yaran da ke kallo su ja da baya.

Sai dai a yi lissafin yanayinmu. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma mutumin da aka rufe cikin rigar soso a irin wannan rana zai iya suma cikin 'yan mintuna. Roba mai kumfa ba ta jure zafi da hasken rana, tana bushewa ta farfashe, ƙurar hunturu kuma tana shiga haƙoran sarbo. Silikon da sarbo duk daga waje ake kawo su, da dala ake saye. Saboda haka zangon farko a tsaya kan soso, yadi, fata da wayar birki, waɗanda duk ana samunsu a babbar kasuwar Katsina, a ɗauki shirin tsakanin Disamba da Janairu, kuma a sa doka cewa duk rigar da ba a iya fitar da mutum daga cikinta cikin minti ɗaya ba za ta hau gaban kyamara ba.